Carafke a Kan Matakala

Zainulabideen ne ya kayar da Khairat jarrabawarta. Ba malamanta ba ne, ba cunkoson titin Faisal ba ne, kuma kada ya ɓuya mini a bayan ƙaddara kamar yadda yake yi a gaban mutane. Shi ne. Ɗan cikina ne, ɗan farina, ga shi kuma sunan surukina aka sa masa, saboda haka tun da na haife shi wannan suna bai taɓa fita daga bakina ba. Ɗantsoho nake ce masa, shi ma sai ta kama dole. To, ga shi na faɗa, kuma zan ƙara faɗa. Wanda ya ga na zubar da kunya, ya zauna ya ji abin da aka yi tukuna.

Sunana Husaina, mutuniyar Yelwa ta ƙasar Yawuri. Kifi nake soyawa a bakin kasuwa. Da hannun nan na dama na soya kifin da ya kai shi karatu Sakkwato, ya kawo shi Masar, har ya zama wanda ɗalibai ke tashi tsaye in ya shigo. Wata safiya ina juya kifi, matsami ya suɓuce mini ya faɗa cikin mai. Na sunkuya in ɗauka, sai na yanke jiki na faɗi. Da na farfaɗo, ɓarin jikina na dama ya zama kamar na aro.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi abin da ɗa ke yi. Ya ɗauko ni zuwa Alƙahira, ya ajiye ni a shaƙƙarsa, wato ɗakunan da yake haya, can ƙololuwar wani dogon bene a unguwar Faisal, benen da ba shi da na'urar hawa. Duk ranar zuwa markaz, wato gidan gashin ƙashi, yakan durƙusa a bakin gado in hau bayansa, ya sauko da ni har ƙasa, inda keken guragu ke ajiye wurin mai gadi. Ban manta ba. Amma ba wannan ake magana ba yau.

A markaz ɗin nan, ja suke yi, su lanƙwasa, su matse hannun kamar wanki. Su yi ta magana a kaina, ko kalma ɗaya ba na ji. In na yi ihu su ce, "Ma'alish, ya hagga," wai yi haƙuri, hajiya. In mun dawo gida a ajiye mini kwano, in ci da hannun da nake tsarki da shi. Ranar da na gaji da wannan, na juya fuska ga bango na daina ci. Na ce a mai da ni Yelwa in mutu inda ake jin maganata.

Ina kwance a gadon markaz, fuska a bango, na ji an ce, "Habboba, kin kwana lafiya?"

Na juyo. Wata siririyar yarinya ce baƙa, da farin wando da farar riga irin na masu guje-guje, ta yafa gyale. Hausa take yi, amma irin wadda ta daɗe a hanya, Larabci ya shige ta ta ko'ina. Daga baya na ji kakanninta daga Haɗeja suka tashi a ƙafa za su Makka, suka tsaya a Sudan ba su ƙarasa ba. Ubanta ya kawo su unguwar Ard al-Liwa a nan Alƙahira yana guga, uwarta tana goge-goge a gidajen masu hali. Habboba kuma kaka ke nan a bakinsu.

"Ke likita ce?"

"A'a, ɗaliba ce. Sunana Khairat. Shekarar ƙarshe nake a kulliya, an turo ni koyon aiki."

"Karatun me?"

"Tarwih ilaji. Magani da wasa."

"Da wasa? A jami'a? Ubanki ya sani?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wallahi shi ma kullum tambayar da yake yi ke nan."

Sai ta ce wai wane wasa nake so ina yarinya. Na ce ta tashi ta ba ni wuri, ni da na aurar da 'ya'ya. Ta tashi ba musu.

Zuwa na gaba ta gaishe ni kawai. Ta zauna a ƙasa ta gefen damana, ta zazzage 'yan duwatsu daga wata jakar tsumma, ta fara carafke ita kaɗai. Carafke dai kowa ya sani: ki cilla dutse ɗaya sama, ki kwashi na ƙasa, ki cafe na saman kafin ya faɗi. Ni da 'yar tagwaitakata Hassana, Allah ya jiƙanta, babu yarinyar da ke cin mu a unguwa. Amma wannan yarinya sai ta kwashe na ƙasa tukuna sannan ta cilla, ta tara hannu biyu kamar mai tarar ruwan indararo. Na kau da kai. Na sake dubawa. Ta kuma yi.

"Ke! Wace sakarya ce ta koya miki?"

"Habbobata ta Gadarif, can Sudan. Na manta ne."

"Kin ɓata mata suna. Miƙo nan."

Sai da maganar ta fita na ga abin da ya miƙe. Hannun dama ne. Yatsun ba su buɗe ba, amma ya tashi daga cinyata ya nufi duwatsun da kansa. Yarinyar ta gani sarai, amma ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ce, "To nuna mini."

Sai bayan watanni ta gaya mini ta iya carafke tsaf. Da gangan ta ɓata, da gangan kuma ta zauna ta dama. Ta ce abin da ake koya musu ke nan: su bincika abin da mutum ya taɓa so, su ajiye shi inda sai ya miƙa mataccen wurin zai kai. Na ce ashe makirci ake koya muku. Ta ce da ƙasusuwa, da jijiyoyi, da yadda zuciyar mara lafiya ke karyewa, da yadda ake sa yaron da ba ya tafiya ya yi iyo, da yadda ake kiɗa wa tsohon da ya manta sunan 'ya'yansa. Tana faɗa idonta na ƙyalli. Akwai wani gidan kula da yara guragu kusa da unguwarsu, sun ce in ta gama bana za su ɗauke ta. Ubanta kuwa ya ce bana ce ta ƙarshe. In ba ta fito da takarda ba, ta bi uwarta aikin goge-goge, ya gaji da dariyar maƙwabta a kan 'yarsa mai digirin wasa.

Mun fara da ƙullin tsumma mai girman lemo. Muka koma dabino. Muka koma duwatsu. In na kasa in zage ta, ta ce, "Tamam. Sake." In na iya, ta ce, "Tamam. Sake." Tamam wai ya yi daidai ke nan a bakinsu. Har waƙoƙinmu na dandali ta tono daga bakina, waɗanda na zaci sun bi Hassana kabari. Ranar da na kai loma baki da hannun dama, Ɗantsoho yana zaune a gabana. Ya ajiye cokalinsa ya rufe fuska da hula. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jarrabawar ƙarshe tasu ba a takarda ake yi ba. Kowace ɗaliba za ta kawo mara lafiyar da ta riƙe tun farkon shekara, ta yi zama da shi a gaban lajna, malamai ke nan masu ba da maki, su gani da idonsu. Ni ce tata. Ba ta da wata. Mun shirya abin da zan nuna: in cilla ɗaya, in share duk na ƙasa a tafi guda, in cafe. Ban taɓa yinsa daidai ba, kullum sai ɗaya ya zille. Ta ce ko ya zille ba komai, su dai su ga hannun.

Ranar, tun da sassafe Ummukulthum matar Ɗantsoho ta yi mini wanka, ga ta da tsohon ciki. Ta ɗaura mini sabuwar atamfa, ta sa mini kwalli. Na zauna a bakin gado ina jiran ya zo ya durƙusa. Sai ya tsaya a ƙofa da farar jallabiya, littattafai a hammata.

"Inna, yau ba za a je ba."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To durƙusa."

Bai durƙusa ba. Ya ce wani ɗalibi ya kai ɗan'uwansa markaz, ya gan ni, ya ɗauke ni a waya. Yanzu abin ya zagaye ɗakunan ɗalibai a unguwar Darrasa. "Kina zaune a ƙasa, Inna, ɗankwali ya zame, kina cilla dutse kina waƙar 'yan mata. Jiya na shiga na tarar suna kallo suna dariya. Da suka gan ni suka yi tsit. Ni nake ja musu salla. Yau kuma an ce akwai maza a lajnar, da masu ɗaukar hoto."

"Da wane hannu na ci tuwo jiya?"

"Allah ne ya ba ki sauƙi."

"Na riga ka sani. Ta hannun wa?"

"A ci gaba da gashi, ban hana ba. Wasan ne ba na so. Mutuncinki nake karewa."

"Nawa ko naka? Lokacin da nake ci da hagu ina mutuncin yake? Kai, yarinyar nan rayuwarta ce yau."

"Ta nemi wata."

"A kasuwa ake sayarwa?"

Ya dubi ƙasa, ya gyara littattafansa. "Ma'alish, Inna. Khalas." Na ji takunsa yana sauka, yana sauka, har ya ɓace. A duk kalmomin ƙasar nan babu wadda na tsana kamar ma'alish, kuma ranar na ji ta daga bakin ɗan da na goya.

Ba a jima ba Khairat ta hauro da gudu, tana haki, fararen kayanta sun sha guga a hannun ubanta. "Yalla, Habboba, na tsayar da tasi! Iye, wannan kwalli fa? Lajna za ki aura?" Sai ta ga fuskar Ummukulthum. Dariyar ta tsaya a rabi.

Ta kira wayarsa, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ta kira malamarta, Duktura Duaa. Ban ji Larabcin ba, amma na ga yadda ta riƙe wayar da hannu biyu. Da ta gama ta ce, "Lajna za ta tashi da kiran azahar. In mun isa kafin nan, za su gan mu. In ba mu isa ba, za a rubuta ban zo ba. Ba a canja mara lafiya, ba a sake zama sai baɗi."

Na ce, "To me muke jira? Ina da ƙafa ɗaya, da hannu ɗaya da rabi, da ɗuwawu biyu lafiyayyu. A kansu zan sauka."

"A'a, Habboba. Jininki zai hau. Ba zan yarda ba."

Kafin ta rufe baki na zame daga gado zuwa ƙasa. Na ja jiki na nufi ƙofa. Da ta ga ba zan tsaya ba, sai ta sha gabana ta tsara abin yadda ta iya: ita a ƙasa tana riƙe da matacciyar ƙafa tana sauke ta, Ummukulthum a baya tana tallafe kafaɗuna, ni kuma in dafa da hagu in zame.

An ɗauke wuta, kamar yadda ake yi kullum a bazarar nan. Matakalar ta yi duhu, ga zafi, ga warin shara da fitsarin kyanwa. Sabuwar atamfata ta share wa mutanen benen nan dattin da suka tara. Kowace zamewa sai ƙashin bayana ya amsa har ƙeya. Khairat na cewa, "Tamam. Sake."

Mun wuce hawa ɗaya. Mun wuce na biyu. A inda matakalar ke juyawa, ƙafar ta kama kakkarwa da kanta, tana buga ƙasa kamar ta mai keken ɗinki. Hannun da muka sha wahalar buɗewa ya dunƙule ya manne a ƙirjina. Na hagun ya ƙi ɗaukata. Ummukulthum ta dafe ƙugu ta zauna tana cije leɓe. Na leƙa ta tsakiyar matakala, na ga abin da ya rage ya fi wanda muka yi.

Khairat ta ruga ƙasa ta hauro da mai gadi, Ammu Sulaimanu, wani tsoho mai rawani. Ya tsaya nesa da ni yana ta bayani yana buɗe hannuwa.

"Me yake cewa?"

"Ya ce Shehi ya ɗaure keken da sarƙa a jikin bututu, ya tafi da makulli."

"To ya ɗauke ni. A tasi ba a buƙatar keke."

Ta gaya masa. Ya ja da baya yana dafa ƙirji.

"Ya ce bayansa na ciwo. Kuma ba zai taɓa uwar Shehi ba sai da izinin Shehi."

"Ki ce masa uwar Shehi ce ta ba shi izini. Ni na haifi Shehin!"

Ta faɗa. Ya ce, "Ma'alish, ya hagga," ya sauka.

Mazan benen duk sun fita aiki. Mata suka buɗe ƙofofi suna leƙe. Wata mai ƙiba ta kawo ruwa, ta yage kwali tana yi mini fifita, tana addu'a. Allah ya saka mata. Amma fifita ba ta sauke mutum daga bene.

Sai Khairat ta tuɓe gyalenta ta ɗaura a ƙugu, ta durƙusa a gabana yadda shi yake yi. "Hau."

"Ke? Kifin da nake soyawa ya fi ki tsoka."

"Hau, Habboba, don Allah."

Matan suka taimaka suka ɗora ni. Ta yunƙura. Ta miƙe, wallahi ta miƙe. Ta sauke ƙafa ɗaya, sai gwiwarta ta lanƙwashe, muka tafi gaba. Ba don mai ƙibar nan ta cafko zanina ba, da tare za a kwashe mu a ƙasa. Suka mai da ni inda nake. Farin wandon ya yage a gwiwa, jini na tsatstsafowa.

Na ce, "Tafi ke kaɗai. Ki gaya musu abin da ya faru."

"Ke suke son gani."

"To ki je ki yi musu kuka. Misirawa na jin kuka."

"Ba zan bar ki a nan ba." Ta matso tana duban fuskata da hasken wayarta. "Bakinki ya ɗan karkace. Yi murmushi in gani."

"Murmushin uban wa?"

"Ɗaga hannu. Faɗi sunanki."

"Husaina, uwar marar mutunci."

Ta yi wata irin dariya, hawaye na zuba. "Alhamdulillah, gajiya ce kawai. Amma ba zan tafi ba. Abu na farko da aka koya mana ke nan, ba a barin mara lafiya a inda zai faɗi."

Na zage ta. Na ce ta ci amanar ubanta. Na ce in ta zauna ban yafe ba. Ta yi kamar da bango nake. Ta sake gwada wayarsa, a kashe. Ta sauka titi neman ko da wane namiji ne, ta dawo da wani mai tuktuk, keken hayan nan mai ƙafa uku, ya dubi tsawon matakalar, ya dube ni, ya ce zai je ya kira ɗan'uwansa. Har yau yana kiransa.

Muna nan masallatan Faisal suka ɓarke da kiran azahar, wannan na hawa kan wancan.

Mai fifita ta tsaya. Khairat ta jingina da bango ta zame har ƙasa, ta zauna kusa da ni. Wayarta ta yi ƙara. Na ga ta duba, ta kife ta a cinya. Ban tambaya ba, na san mai guga ne yake son jin yadda aka yi.

Da aka gama kiran salla, ta share fuska da gyale. Ta jawo jakar tsumman nan, ta zazzage duwatsun a kan siminti, ta gefen damana.

"Kwashe abin nan daga gabana."

"Hannunki ya dunƙule. In muka bar shi haka ya kwana, gobe ba zai buɗe ba."

"Ya ruɓe ma. Wa zai gani?"

"Ni." Ta kama shi tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ta saba. "Lokacin zamanmu ne, Habboba. Yalla."

Ban san me ya sa na ɗauki dutsen ba. Ina jin haushi ne. Na cilla, ya faɗi ya gangara, Ummukulthum ta tare da ƙafa. Na sake, ya faɗi. Sai na cilla da dukan baƙin cikin da ke raina, na share ƙasa da tafi, na juya hannu. Na ji ƙas. Na buɗe. Duk suna ciki, ko ɗaya bai zille ba.

Abin da muka shekara muna nema ke nan. Waɗanda suka gani: mace mai ciki, da Bamisriya mai kwali wadda ba ta san me ake yi ba, da kyanwa. Khairat ta daɗe tana duban tafin hannuna. Na zaci za ta fashe da kuka. Sai ta ce, "Tamam." Ta mayar da duwatsun ƙasa. "Sake."

Bayan la'asar mazan benen suka fara dawowa. Biyu suka ce za su mai da ni sama. Na ce ba wanda zai taɓa ni, wanda ya bar ni shi zai same ni. Da Khairat ta ga akwai maza a kusa, kuma bakina ya koma daidai, sai ta tattara duwatsun ta ɗaura jakar a bakin zanina.

"Safe da yamma. Kar ki bari."

"Jibi za ki zo markaz?"

"Koyon aikin ya ƙare, Habboba. Wadda ta faɗi ba ta da mara lafiya."

Ta sumbaci goshina irin na mutanen Sudan, ta gyara gyale ta rufe yagaggen wandon, ta sauka tana ɗingishi. Ba ta zagi kowa ba. Da ta yi zagin, da na fi samun sauƙi.

Rana ta yi sanyi na ji muryar Ɗantsoho daga ƙasa, yana bayanin wata mas'ala. Tare yake da ɗalibansa biyu, Lawal da Nata'ala, masu rako shi gida. Suka juyo kwana suka gan ni: atamfa baƙa ƙirin, kwalli ya zubo har haɓa, ɗankwali ban ma san inda ya faɗi ba. Ɗaliban suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya daskare.

"Inna! Wa ya sauko da ke?"

Na buɗe baki. Na ji sunan ya tokare a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, shekara da shekaru yana nan. Na tura shi.

"Zainulabideen!"

Matakalar ta amsa daga sama har ƙasa. Ummukulthum ta toshe baki. Lawal ya ce, "Subhanallah," ya juya baya. Na ga fuskar ɗana ta koma ta yaron da aka kama da hannu a tukunya. Ya zubar da littattafan, ya durƙusa zai ɗauke ni. Na cafki wuyan jallabiyarsa na murɗe.

Ya dubi hannun. Ya gane wanne ne. Ya yi ƙoƙarin ɓamɓare yatsun a hankali, suka ƙi.

"Kana jin ƙarfinsa? Wasa ne ya yi shi. Dariyar da aka yi maka ga ta nan, ga 'yan kallo ka kawo da kanka, su more. Ita kuma wa zai mayar mata da shekararta?"

"Inna, mu hau sama, mutane na ji."

"Don su ji nake yi."

Haka ya haura da ni, a rungume, hannuna a wuyan rigarsa har bakin gado.

Yau makonni ke nan. Sakamako ya fito, an rubuta ba ta zo ba. Gidan yaran nan sun ɗauki wata. Ummukulthum ta ji daga matan Ard al-Liwa cewa an ga Khairat da uwarta da sassafe a tashar mikrobas, ƙananan motocin hayan nan, kowacce da ledar kayan aiki. Shi kuma ya kwance sarƙar keken, ya sayo mini nama, yana gaishe ni sau uku a rana. In an tambaye shi sai ya ce Allah bai nufa ba.

Ni ba ni da ƙafar zuwa kulliyarsu. Ko an kai ni, ba ni da bakin da za su ji. Ban san sunan titin ba, ban iya riƙe alƙalami ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Mutum ɗaya ne zai iya sauke ni daga benen nan, kuma shi nake ƙara. Abin da ya rage mini duwatsu ne, ina cillawa safe da yamma, da ƙofa a buɗe, da waƙar da komai. Sai kuma sunan. Kullum ya shigo gaishe ni da shi nake amsawa, kowane lokaci sai ya runtse ido.

Zainulabideen, ba nama na tambaye ka ba. Ka sa farar jallabiyar nan taka, ka je gaban Duktura Duaa da lajnarta, ka gaya musu da Larabcin da kifina ya saya maka cewa yarinyar ta zo, kai ne ka ɗaure keke. Ko sun karɓa ko ba su karɓa ba, ka faɗa. Daga nan ka wuce Ard al-Liwa, ka tsaya a shagon mai guga, ka dubi idonsa ka maimaita. Kun ce ku malamai ne, kun ce ranar gobe kowa zai amsa abin da ya yi. Ni ba zan jira gobe ba. Uwarka ce ke kiran sunanka. Ka amsa.